Majalisar Ƙofar Gida: Matsayin Matasa a Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Unguwanninmu



Zan fara da wani yaro ɗan unguwarmu, ba zan kama sunansa ba. Ya gama sakandare, ya zauna jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai dace ba, ana cikin haka mahaifinsa ya rasu. Da can kullum bayan isha'i yana majalisar da ke gaban shagon tela, shi ne mai gardamar ƙwallo. Sai ya fara ɗauke ƙafa. Ranar da ya zo kuwa, ya raɓe a ƙarshen benci ya zabga tagumi, a miƙa masa shayi ya huce a hannunsa. Abokansa sun san ya daina barci, don ƙarfe uku na dare suna ganinsa a WhatsApp. Sun san ranar da ya fara sayen ƙwaya, sun san a hannun wanda yake saye. Abin da ya gagare su shi ne wa za su tunkara, kuma me za su ce masa. Ɗaya ya ce, "Ku ƙyale shi, zai sauko." Wani ya ce, "In muka kai maganar gida mun tona masa asiri." Sai da ya fara sambatu shi kaɗai a titi aka tashi tsaye, aka fara da ruƙiyya, aka koma wurin mai maganin gargajiya, daga bisani aka nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Likita ya tambayi yayansa tun yaushe abin ya fara, ya ce sati biyu. Abokansa da ke tsaye a waje sun san an yi wata bakwai.

Wannan tazara, tsakanin sati biyu da wata bakwai, ita ce ta kawo ni gabanku. Matasa ne ke fara ganin ciwon a jikin junansu tun yana ƙarami, amma ba a koya musu abin yi ba, ba a kuma buɗe musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Jiran likita kaɗai ba zai kai mu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa wasunsu zuwa ƙasashen waje. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sun yi wa mutumin ƙauye nisa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi zuwa. Ga shaye-shaye. Rahoton 2018 na binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma damuwar da ke tura yaro ga kwalbar tana nan inda take. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, kuma ban yarda rashin ƙauna ne ya sa su ba. Sun rasa inda za su dosa ne.

An samu ci gaba a ɓangaren doka. A Janairun 2023 aka bayyana sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Cikin waɗanda suka matsa lamba har da matasa. Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, ta tsaya a gaban Majalisar Tarayya a 2020 ta yi magana a matsayin mai fama da ciwon da kanta. Sai dai har yanzu dokar ba ta iso bencin majalisar unguwarmu ba.

Abin da muka saba kira shigar da matasa shi ne a tara su ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, a raba musu riguna, su yi tattaki, su jera kujeru, a ɗauki hoto a watse. Wannan yana yi mini ciwo, domin aikin da suka fi kowa iyawa shi ne ake hana su. Ku dubi Zimbabuwe. Likita Dixon Chibanda ya ga ba shi da isassun ma'aikata, sai ya horar da tsofaffin mata, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunan da suke kiran ciwon da shi a harshen Shona, ma'anarsa yawan tunani. Mu ma haka muke faɗa. Saurayi ba zai ce yana da matsalar ƙwaƙwalwa ba, don kunnen Bahaushe hauka yake ji. Zai ce, "Tunani ya yi min yawa," ko "Kaina ya ɗau zafi," ko "Duniyar ta fita a raina." Tsaransa ne ke gane nauyin waɗannan kalmomi. A gida ma muna da misali: tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya riƙa ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, maimakon kulle su.

'Yan mata kuma ba sa zaman majalisa, kuma duk shirin da ya tsaya a teburin mai shayi ya bar rabin matasanmu a baya. Nasu zancen yana gidan kitso da lalle, yana hanyar Islamiyya, yana ɗakin amarya. Yarinyar da ta haihu ta daina cin abinci, tana kuka ba dalili, ta ƙi ɗaukar jaririnta, sau da yawa ƙawarta ce ke fara jin abin da ke ranta, yayin da manya ke cewa iska ce ko jego ne. Wannan ciwo ne sananne, yana da magani, kuma ƙawar nan za ta iya raka ta asibiti in ta san da haka.

Ba cewa nake a mai da matasa likitoci ba. A koya musu sauraro ba tare da gori ba, da riƙe amana, da gane alamomin da ba a kwana da su, musamman in mutum ya fara maganar kashe kansa. A haɗa su da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa wanda ya samu horo a tsarin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 don ma'aikatan da ba ƙwararrun fannin ba. Ya zama suna da lambar wayarsa, shi ma yana zama da su duk wata, don wanda ke ɗaukar damuwar wasu shi ma yana gajiya. A ba su ɗan alawus, ko na mota da kati ne. Malamanmu kuma ina roƙonku, in matashi ya kawo muku abokinsa, ku yi masa addu'a ku kuma tura shi asibiti, domin kalmarku ce iyaye ke ji.

Buƙatata ga wannan taro ita ce kowane kwamitin raya mazaɓa da ke kula da asibitin unguwa ya ware kujera biyu ga matasa, namiji da mace, masu ikon faɗa a ji har a kan yadda ake kashe kuɗi. Kuma kada a tsallake waɗanda suka taɓa ciwon suka warke. Yaron da na ba ku labarinsa yana shan maganinsa, yana koyon ɗinki a shagon telan nan. A azumin da ya wuce shi ne ya lura wani ƙanensu a majalisa ya fara yin shiru, ya ja shi gefe, washegari ya goya shi a babur zuwa asibiti. Irinsa nake so a fara ba kujerar.