Hannu Ne Ke Fara Koyon Lissafi



A yawancin azuzuwan rainon yara za ku ji 'yan shekara huɗu suna rera ƙirga daga ɗaya har ɗari, da Turanci, ba gargada. Ku zuba wa ɗayansu 'ya'yan tsamiya, ku ce ya ba ku bakwai. Sau da yawa sai ya damƙo kawai ya miƙo. Waƙar ya haddace, adadin bai zauna masa ba tukuna.

Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna haka da gwaji mai sauƙi. A jera tsakuwa layi biyu, biyar-biyar, yaro ya yarda daidai suke. A baza layi ɗaya ya ƙara tsawo, sai ya ce wannan ya fi yawa. Yara da dama ba sa wuce wannan mataki sai wajen shekara shida ko bakwai, kuma bayanin malama a bakin allo ba ya ƙetarar da su. Sai sun tara da hannunsu, sun baza, sun sake ƙirgawa.

Abin da Friedrich Froebel ya gane ke nan a Jamus, inda ya buɗe makarantarsa ta ƙananan yara a 1837, ya ba su ƙwallayen zare da 'yan katakai masu kusurwa. Likita Maria Montessori ta bi sahu a 1907, a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum. Ta sa an yanka lambobi da takarda mai kaushi, domin yatsa ya bi siffar kafin a riƙe fensir. Yau makarantun kuɗi da yawa suna ɗauke da sunanta a bakin ƙofa, amma ciki sai kwafe-kwafe da aikin gida. Wannan yana damuna ƙwarai.

Za a ce kayan suna da tsada. Waɗanda ake shigo da su daga waje, haka ne. To amma marafan kwalba fa? Yaro ya ware su launi-launi, ya jera ja, fari, ja, fari, ya faɗi wanda zai biyo baya. Karan dawa a yanka shi tsayi daban-daban, a ce ya jera daga gajere zuwa dogo. A kawo yashi da mudu da gwangwanin madara, ya fara cinkar gwangwani nawa zai cika mudun, sannan ya auna ya gani. 'Yan matan da ke carabke ma ƙirga suke yi.

Kimiyya kuwa, baho ɗaya na ruwa ya ishe ta mako guda. Ƙusa ƙarama ta nutse, ƙatuwar ƙwarya ta yi iyo, ita da 'yar'uwarta gorar da masuntan Argungu ke hawa. A nan nake roƙon malamai mata da maza: ku riƙe amsar a bakinku. Ku tambayi yaron me yake zato kafin ya jefa, kuma da harshen da yake tunani da shi, kamar yadda aikin Farfesa Babs Fafunwa a Ife, wanda aka fara a 1970, ya nuna amfanin yi.

A kula, 'yan ƙasa da shekara uku suna kai komai baki, don haka ƙananan iri ba nasu ba ne.

Ga kwalejojin ilimi, buƙatata ɗaya ce: kada ɗalibar sashen rainon yara ta fita aikin gwajin koyarwa sai da akwatin kayan da ta haɗa da hannunta, kuma a ba shi maki kamar jarrabawa.