Marmarin Sama Ba Gajiya Da Rayuwa Ba Ne

 

Yau zan taɓo maganar da muke yawan ji a coci, musamman wajen jana'iza: "Ai duniya ba gidanmu ba ce." Gaskiya ne, ni ma na gaskata haka. Ina marmarin ganin Yesu Almasihu ido da ido, ina kuma sa zuciya zan sake haɗuwa da waɗanda suka riga mu. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu suka mai da wannan magana mafaka. Yaro na kwance da zazzaɓi kwana uku, ba a kai shi asibiti ba, sai a ce ai sama ta fi. Matashi ya bar makaranta, ya bar gona, wai komai mai wucewa ne. To 'yan'uwa, haka Littafi Mai Tsarki ya koya mana?

Mu duba Manzo Bulus. Yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa, a sura ta 1 ya faɗa musu cewa zuciyarsa ta rabu biyu. Yana son ya tafi ya kasance tare da Almasihu, amma ya ga zamansa ya fi musu amfani, sai ya tabbata zai zauna ya ci gaba da yi musu hidima. Haka a Irmiya sura 29, mutanen da aka kwashe zuwa Babila suna kewar Urushalima, aka ce musu sai bayan shekara 70 za a komo da su. Me Allah ya ce su yi kafin nan? Su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, su yi masa addu'a.

Mu a nan mun san ɗan ci-rani. In ya tafi Legas ko Abuja, hankalinsa na gida, amma ba ya kwanciya yana jiran ranar komawa. Kewar gidan ce ma ke tashinsa da asuba, don ba ya son ya dawo hannu rabbana. Haka ya kamata marmarin sama ya yi mana. Mai noman rani da ruwan madatsar Tiga, mai shinkafa a Tudun Wada, mai masara a Doguwa, mai kai kaya kasuwar Kwanar Ɗangora, kowa aikinsa hidima ne in ya yi shi da gaskiya. Maƙwabcinka Musulmi da kuke shan ruwan rijiya ɗaya, zaman lafiyarsa na cikin abin da aka ce ka nema.

Sai abu na ƙarshe, kuma ina roƙo ku saurara da kyau. Akwai wanda in ya ce yana son tafiya sama, a gaskiya gajiya ya yi: bashi, rashin aiki, ciwo, ko rasuwar wani nasa. In kai ne, ko ke ce, kada ki riƙe shi a ciki, kada ka ɓoye. A sami fasto, ko dattijo, ko ma'aikacin lafiya a yi magana. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Kuma kada mu hana mai makoki kuka. Yesu da kansa ya yi hawaye a kan mutuwar Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi.

A wannan mako, ka leƙa wani da ka daɗe ba ka ji muryarsa ba. Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa, ku tura wa wani. Ubangiji ya kiyaye mu, sai mun sake saduwa.