Ilimin Sana'a Tsakanin Babban Kamfani da Masu Ƙera Masa Kaya



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce yadda ilimi ke gudana daga manyan kamfanonin duniya zuwa ga ƙananan masana'antun da ke ƙera musu kaya, kuma da yake fagen yana da faɗi, na ga ya fi dacewa in tsaya a kan Toyota ta ƙasar Japan, wadda tun a 1943 masu yi mata kaya suka haɗu a ƙungiyar Kyohokai domin su riƙa muzakara a kan aikinsu.

Abin da kamfanin nan ya fahimta, malamanmu na zaure sun daɗe da saninsa: karatu ba ya zama a ƙirji sai an durƙusa gaban malami, ko da kuwa littafin na hannun ɗalibi. Saboda haka, bayan ya fara ƙera motoci a Georgetown ta jihar Kentucky a Amurka cikin 1988, bai wadatu da aika wa maƙeran wurin takardun ƙa'idoji ba, sai ya kafa cibiya a 1992 wadda ke tura injiniyoyinsa su yi watanni a masana'antar mutum, suna lura da inda lokaci ke tozarta da inda kaya ke taruwa ba bisa hujja ba, kuma a wancan lokacin ba su karɓar ko kwabo. Sharaɗin da aka gindaya shi ne wanda aka koya wa ya buɗe ƙofarsa ga sauran masu kawo kaya su zo su gani. Wannan kuwa, a ra'ayina, ya fi koyarwar kanta nauyi, domin ɓoye sirrin sana'a ɗabi'a ce ta ɗan kasuwa a ko'ina.

Kada wani ya zaci sadaka ce. Maslahar kansu mutanen Toyota suka duba, kuma ranar 1 ga Fabrairu 1997 ta bayyana, sa'ad da gobara ta cinye masana'antar kamfanin Aisin da ke garin Kariya a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan ƙarfe mai daidaita ƙarfin birki, alhali ajiyar da ke hannu ba ta wuce ta 'yan kwanaki ba. Aisin ta raba zanen ƙarfen ga duk mai iyawa, kamfanoni wajen 200 suka sa hannu, har da Brother mai ƙera keken ɗinki, kuma da yake akasarinsu sun saba shiga masana'antun juna, tsarin aikinsu ɗaya ne, mako bai cika ba motoci suka ci gaba da fitowa.

Mu da aka buɗe wa masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, ya kamata masu bincikenmu su ƙididdige mana maƙeran gida nawa ne injiniyoyin Faransa suka zauna a shagunansu, kuma na tsawon wane lokaci.