Littafinmu Da Ya Koma Cikin Waya: Jawabin Kwamitin Saye Da Rabo A Taron Cikar Shekara

 

Mu 'yan kwamitin saye da rabo aka ce mu tashi mu yi bayanin abin nan da wasunku ke kira littafin waya. A yi mana uzuri, mu ba 'yan boko ba ne. Yawancinmu da girmanmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan an tashi daga kasuwa.

Sai mun fara da abin da ba ma son tunawa. Kun san yadda muke yi: a haɗa kuɗi, a tura mutum biyu Dawanau su sayo gero da wake da masara a buhu, a dawo a raba. Duk lissafin nan a littafi ɗaya yake, a hannun sakatariya. To, Allah ya sauke ta lafiya, ta tafi wankan gida wajen iyayenta, littafi yana cikin akwati a kulle. Ranar rabo wata 'yar uwa ta ce kuɗin buhu biyu ta zuba, wadda ta karɓa ta ce na ɗaya ta sani. Muka koma WhatsApp neman hujja. Wallahi har dare muna sauraron saƙon murya, tsakanin barka da Juma'a da hoton biki da tallan atamfa. Saƙon da ake nema ma an goge shi don waya ta cika. Da sakatariya ta dawo aka buɗe littafi, gaskiya ta fito, amma kafin nan mata biyu da suka yi shekaru suna cin kwano ɗaya sun daina gaisawa, ɗaya har ta nemi a ba ta jarinta ta fita. Ba wadda ta ci kuɗin wata. Rubutun ne kawai ya yi mana nisa a ranar da muke bukatarsa.

Bayan haka ne 'yar wata daga cikinmu, ɗaliba a jami'a, mai rubutu a Wikipedia ta Hausa, ta ce, "Mama, ai wiki ya kamata ku buɗe." Wata ta ce wane Wike, na Abuja? Aka yi ta dariya. Ashe kalmar daga harshen mutanen tsibirin Hawai take, ma'anarta sauri. Wani Ba'amurke, Ward Cunningham, shi ya fara yin irin wannan shafi a 1995 don shi da abokan sana'arsa masu tsara manhajar kwamfuta su riƙa rubutu wuri guda. A 2001 aka gina Wikipedia a kan wannan dabara. Namu dai ƙarami ne kuma a rufe yake, sai mai suna da kalmar sirri ke shiga.

Bambancinsa da WhatsApp shi ne muka daɗe ba mu gane ba. Saƙo yana zuwa ya wuce, na baya ya danne na gaba. Shafi kuwa yana nan inda aka bar shi. Idan farashin wake ya canza, ba sabon saƙo za a turo ba, layin wake za a je a gyara, kowa ta buɗe ta ga na yau. Kamar allo ne a rataye a zaure. Sai dai allo in an wanke, rubutu ya tafi. Wannan kuwa ko an goge, tsohon yana ajiye a wani wuri da ake kira tarihin shafi: ga sunan wadda ta taɓa, ga rana da lokaci, ga abin da ta cire da abin da ta sa.

Ma'ajinmu ce ta fi kowa ƙin abin da farko, kuma tana da hujja. Ta ce littafin da kowa zai iya sa wa hannu ai ba littafi ba ne, gobe wata ta mayar da biyar goma. Abin da ya sauko da ita ɓarna ce ta yaro. Wani ɗan mu ya ɗauki wayar uwarsa yana wasa, ya share shafin farashi kakaf. Muka wayi gari shafi fari fat. Aka buɗe tarihi, ga sunan uwar, ga ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ita kuwa tana barci. Da dannawa biyu aka dawo da komai yadda yake. Tun daga ranar muka sa doka: kowa da sunanta da kalmar sirrinta, ba aro, ko ga miji ko ga ɗa. In an ga sunanki, ke za a tambaya. Duk da haka ba mu bi tsarin Wikipedia sak ba. Shafin zubi da na bashi, ma'aji da sakatariya kaɗai ke rubutu, sauranmu karatu, kuma kowane zubi sai an ɗora hoton rasit ko na alat. Littafin takarda ma yana nan, da sa hannu da dangwale, don shi ake nunawa a ofis da banki.

Sauran shafukan a buɗe suke: dokokin ƙungiya, abin da aka yanke a kowane taro, farashi, da na masu mota da 'yan dako da muka yarda da su. Na yanke shawara ya rage mana gardama ƙwarai. Da, taro ɗaya sai ka ji shi iri uku a bakin mutum uku.

Shafin farashi ya taɓa ja mana asara, gara mu faɗa. Bayan cire tallafin mai a 2023 kun ga yadda kaya suka koma, farashin safe ba shi ne na yamma ba. Wata ta duba shafi ta ga kuɗin buhun masara, ta yi wa mai sayenta alkawari a kai, ashe rubutun ya kwana makonni ba a taɓa ba. Ta cika alkawari daga aljihunta. Shafin da ba a kula da shi ya fi babu haɗari, don mutum yana ganin rubutu sai ya yarda. Yanzu kowane layi da kwanan watansa a gefe, kuma kowane shafi da uwarsa, wadda za a kama in ya tsufa.

Inda har yanzu muke fama shi ne rubutun kansa. Mai shekara arba'in da ta koyi haɗa baƙi jiya, ka ba ta ƙaramin allon waya, layi ɗaya sai ya ci mata minti biyar, ga neman ƙ da ɗ da ɓ a cikin haruffa. Ga kuma kunya. Akwai wadda ta rubuta farashin gyaɗa, wata ta gyara mata harafi sannan ta faɗa a gaban mutane, tun daga nan ba ta sake rubutu ba sai da aka je har gida aka ba ta haƙuri. Yanzu mun ce a gyara a yi shiru. Ita ta san farashin, ke kin san harafin, ba wadda ta fi wata. Malamar ajinmu ma ta mayar da shafukan abin karatu, kuma mun ga mace ta fi saurin gane rubutu in kuɗinta ne a ciki.

Sannan da yawa cikin iyayenmu ba su da babbar waya, masu ita kuma wani lokaci ba data, ko ba wutar caji. Muna tsoron kada ƙungiya ta rabu biyu, masu gani da masu jiran a gaya musu, don in haka ta faru mun koma zamanin akwati ke nan. Abin da muke yi a yanzu, ana karanta shafin zubi da ƙarfi a farkon kowane taro, kuma kowace mai waya an haɗa ta da wata marar waya a unguwarsu. Bai isa ba, mun sani. Akwai kuma abin da muka hana a rubuta ko kaɗan: dalilin da ya sa mace ta ci bashi. Adadi da ranar biya kawai. Ciwon miji ko kuɗin makaranta, wannan tsakaninta da shugaba ne.

Bayan an ci abinci, duk wadda ba a buɗe wa suna ba ta same mu a teburin baya da wayarta, marar waya ma ta zo a haɗa ta da abokiyar karatu. Shafin masu mota kuma ba shi da uwa tun da mai riƙe da shi ta koma Zariya, lambobin ciki wasu sun daina shiga, ga kaka ta matso. Muna neman wadda za ta karɓa yau kafin a watse.