Daga Maƙera Zuwa Jami'a: Jawabi Kan Karatun Injiniya

 

Jama'a, yawancinmu da ke zaune a nan, neman abinci ne ya kawo iyayenmu Bauchi, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zariya. Mahaifina maƙeri ne. Na tashi ina jan zuga-zugi, ina miƙa masa awartaki da masaba. Da ido yake gane ƙarfe ya nuna, ta launin jan da ya yi. Da na shiga jami'a sai na tarar abin nan da yake gani da ido shi ake aunawa da ma'aunin zafi, a rubuta a littafi. To, karatun injiniya ke nan a taƙaice: sana'ar kakanninmu ce aka haɗa ta da lissafi.

Kuma makarantar tana bakin ƙofarmu. An kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Bauchi a 1980. A 1984 aka mayar da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan a 1988 ta sake cin gashin kanta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga ta nan a Yalwa, ga kuma mazauninta na Gubi. Yara na tahowa daga Legas da Inugu su yi karatu a cikinta, namu kuwa suna wucewa ta ƙofarta a kan acaɓa.

Me ake koyo? Injiniyan injina shi ne mai zana inji, ya lissafa nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya karye, ya san yadda mai ke ƙonewa ya zama ƙarfin juya ƙafa. Injin niƙa, injin casar shinkafa, famfon ban ruwa na fadama, duk aikinsa ne. Shi kuwa injiniyan masana'antu, masana'antar gaba ɗaya yake dubawa. Ɗauki gidan matsar man gyaɗa: ina za a ajiye kowane inji, mutum nawa ake bukata, a ina ake ɓarnar lokaci da kaya, nawa kowane galan ya tsaya? Na farko ya ƙera, na biyu ya sa ƙirar ta kawo riba.

Karatun shekara 5 ne. Shekarar farko lissafi ne da Fiziks da Kemistiri. Daga nan a shiga zane da ɗakin aiki, yaro ya riƙe zarto, ya yi walda, ya feƙe ƙarfe da hannunsa. A shekara ta 4 akan tura shi masana'anta wata 6 a ƙarƙashin shirin SIWES. A ta ƙarshe ya yi aikin kammalawa, sau da yawa ƙera wani inji. Bayan bautar ƙasa da 'yan shekarun aiki, sai ya nemi rajista da hukumar COREN.

Me ya sa na damu? Ku tuna kamfanin Steyr da aka kafa a garin nan a shekarun 1970 tare da mutanen Ostiriya, ana haɗa taraktoci da manyan motoci. Sassan daga waje ake kawo su. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sassa suka yi tsada, masana'antun haɗa motoci na ƙasar nan suka shiga wani hali. Darasin shi ne, wanda bai iya ƙera sassa ba, ɗaura noti kawai ya iya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ba ranar jarrabawar JAMB yaro ke rasa gurbin injiniya ba, tun a aji ɗaya na babbar sakandare yake rasa shi. Ana bukatar kiredit 5, ciki har da Turanci, lissafi, Fiziks da Kemistiri. Yaro ya ji tsoron lissafi ya gudu daga ajin kimiyya, uba bai ma sani ba, yana kasuwar Muda Lawal. Na san wani yaro a unguwarmu da ke kwance janareta ya mayar tun yana ɗan shekara 13. Aka cire shi daga makaranta don ya tsare shago. Yau yana tsaron shagon wani. Wallahi abin na ci mini rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu 3. Ɗaya, mu buɗe darasin lissafi na yamma, maza da mata, ni zan ɗauki ranar Asabar. Biyu, a ware wani abu daga asusu don sayen fom ga marayu da marasa ƙarfi. Uku, masu gareji da masu walda a cikinmu su karɓi ɗalibai lokacin hutu, domin injiniyan da ke ƙyamar baƙin mai a hannunsa, takarda kawai ya riƙe.

Ku kuma iyaye, yau in an koma gida a tambayi yaro ajin da yake.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka.