In tattabararka ta kwanta, likitan dabbobi kuma yana nesa



Kullum in munka taru, zancen shanu da awaki da tumaki muke yi. Yau ina so mu yi zancen ƙananan dabbobi masu fukafukai da ke zaune da mu cikin gida: tattabara, da aku, da tsirya, da kanarin da ake sawa cikin keji. Wani zai ce, tsuntsu har nawa yake da za a tara mutane don shi? To, ka tambayi yaron da ya shekara yana tara dala dala har ya sayi tattabara aure guda, ko tsohuwar da akunta ke taya ta hira tun rasuwar maigidanta. Ban da wannan, ciwon da ya shiga ɗakin tattabara ba ya tsayawa nan. Akurkin kaji da zabi yana kusa, kuma akwai ciwon da har mutum yake taɓawa.

Mun san yadda ƙasarmu take. Daga wasu garuruwa zuwa gidan likitan dabbobi tahiyar yini ce bisa amalanke, da damina kuma ruwa ya kan yanke hanya. Tsuntsu kuwa ba ya jira. Abin da zan faɗa muku taimakon farko ne, don tsuntsun ya kai lokacin da likita zai gan shi.

Yadda za ka gane marar lahiya

Tsuntsu yana ɓoye ciwonsa, domin cikin daji wanda ya nuna rauni shi ne shaho ke fara ɗauka. Saboda haka ranar da ka gane ba ya da lahiya, sau da yawa ya riga ya kwana biyu da ciwon. Lokacin da ya fi dacewa da dubawa shi ne da sahe, sa'ad da kake watsa hatsi. Wadda ba ta sauko ba, ta ware kanta, gashinta a tashe kamar mai jin ɗari, ido rabi a rufe, fiffike a sake, ita za ka kama.

In ka kama ta, ka shafa ƙirjinta. In ka ji ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin wuƙa, ta daɗe ba ta ci sosai. Ka duba ƙarƙashin wutsiya ko zawo ya ɓata gashi. Ka buɗe bakinta a hankali ka duba ciki. Ka saurari numfashinta. Kada ka matse ƙirji wajen riƙo, don da motsin ƙirji tsuntsu ke numfashi. In ka matse, ka shaƙe shi ke nan.

Abubuwa huɗu, bi da bi

Na ɗaya, ka ware ta. Ka samu kwali ko kwando, ka huda wurin iska, ka shimfiɗa takarda ƙasa don ka riƙa ganin kashinta. Ka aje ta nesa da sauran tsuntsaye, inda ba hayaniya, inda kyanwa da yara ba za su kai ba. Kwanon ruwanta da na hatsinta daban. Kullum ka fara da masu lahiya, marar lahiya daga baya, sannan ka wanke hannu da sabulu.

Na biyu, ɗumi. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40 zuwa 42, ya fi na mutum, kuma in ba ya ci ba ya iya riƙe wannan zafi. Lokacin ɗari da hunturu, ka cika kwalba da ruwan zafi, ka naɗe ta da tsumma, ka sa gefe guda cikin kwalin, yadda tsuntsun zai matso in yana so, ya ja baya in zafi ya ishe shi. Kada ka kai shi bakin murhu ko kaskon garwashi; hayaƙin da kai ba ka damu da shi ba yana kashe tsuntsu. Da bazara kuwa, in ka gan shi baki buɗe, fukafukai a ware yana haki, inuwa yake so da iska, ka ɗan jiƙa ƙafafunsa da ruwa.

Na uku, ruwa. Zawo yana tsotse ruwan jiki, kuma wannan ne ke saurin kashewa. Ka yi irin haɗin da ake yi ma yara: lita 1 na ruwan da anka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kana da ƙunshin gishiri da sukari na gidan likita, ya ma fi. A sabunta haɗin kowace rana. Amma ku saurara da kyau, don nan ne ake yawan yin ɓarna: kada ka buɗe bakin tsuntsu ka kwarara masa ruwa. Ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ruwa ya shiga can sai huhu. Tattabara zuƙa take yi, sai ka tsoma bakinta cikin ruwan, ban da hanci, za ka ga ta ja da kanta. In aku ne ko kanari, ka ɗiga ɗigo ɗaya a gefen baki, ka jira ya haɗiye. Wanda ba ya iya ɗaga kai, ba a ba shi komi ta baki sai ya ji ɗumi ya farfaɗo.

Na huɗu, abinci, kuma shi ne na ƙarshe. Ka sa gero ko dawa mai tsabta kusa da ita. In ta yi yini ba ta taɓa ba, ka jiƙa ƙwaya ta yi laushi, ka riƙa sa mata ɗaya ɗaya can cikin baki tana haɗiyewa. Ka taɓa ƴar jikkar abinci da ke ƙasan wuya. In ta kwana cike, tana tsami ko wari, ka tsai da abinci, ka bar ruwa kawai. Aku da tsirya a ba su mangwaro ko gwanda ko ayaba nunanna, da kunun gero mai ɗumi. Ban da madara, ban da piya, ban da kafe. Piya guba ce ga tsuntsu. Kanari kuwa ƙarami ne ƙwarai, ba ya jure yini biyu babu ci.

Ciwon da munka fi gani

Akwai wanda in ka buɗe baki za ka ga abu rawaya kamar cuku ya manne a maƙogwaro. Wata ƙwayar cuta ce da ke bin ruwan sha, kuma iyaye na ba ƴaƴansu ita wajen ɗura. Kada ka kankare shi, jini zai ɓalle. Maganinsa metronidazol ne, amma likita ke auna shi daidai da nauyin tsuntsu. Kahin a samu, ka riƙa wanke kwanon ruwa kullum kana shanya shi a rana, don wannan ƙwaya ba ta jure bushewa.

Akwai ƙuraje masu ɓawo da ke fitowa gefen ido, da baki, da ƙafa, galibi da damina, don sauro ke yaɗa su. Babu ƙwaya ko allurar da ke kashe wannan ciwo. Ka shafa Bétadine bisa ƙurjin, ka kiyaye ido, kada ka ɓamɓare. In tsuntsun yana ci yana sha, cikin ƴan makonni ɓawon ya kan faɗi da kansa.

Akwai kuma murɗewar wuya. Tattabara ta juya kai sama, tana zagaye, ta kai baki ga hatsi ta kuskure, ga zawo kamar ruwa. Wannan ɗan uwan cutar Niyukasal ne, annobar nan da ke share kaji lokacin ɗari. Kafso ba ya yi mata komi. Amma tattabaru da yawa suna tashi in an ci gaba da ba su ci da sha da hannu. A zuba hatsi cikin kwano mai zurfi don ta samu na tsinta, ruwa kuwa cikin marar zurfi don kada ta nutsa kai. A ware ta mako 6, kuma a sanar da likita, saboda kajin unguwa.

In kun ga tsuntsaye na ramewa, ba sa son shiga ɗakinsu da dare, ku haska tocila cikin tsagar bango da tukwanen ƙwai. Akwai kaskar da ke ɓoye can da rana, ta fito shan jini da dare. A yaɓe tsaga, a ƙone tsohuwar sheƙa.

Rauni da guba

In jini na zuba, ka danna wurin da tsumma mai tsabta na ƴan mintoci, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In farce ne ya karye, ka danna garin masara ko fulawa. Rauni a wanke shi da ruwan da anka tafasa, ƙaramin cokali 1 na gishiri cikin rabin lita. Ban da baƙin mai, ban da kananzir, ban da toka. Fiffiken da ya karye a naɗe shi yadda yake kwanciya, a ɗaure shi da jiki sako sako, mako 2 zuwa 3. Cizon kyanwa ko da ƙarami ne kada ku raina shi. Miyau nata na ɗauke da cutar da ke kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan sai an nemi likita ko ta halin ƙaƙa.

Lokacin shuka ku lura da irin da anka cuɗa da maganin ƙwari, mai launin ja ko shuɗi. Haka maganin ɓera, da hatsi ko gyaɗar da ta yi funfuna, da hayaƙin maganin sauro cikin ɗakin da aku ke kwana.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi

Wata shekara wani saurayi ya zo mini da tattabara cikin kwali. Ya sayi biyu ranar kasuwa, ya sake su cikin nasa tun daren. Da ciwo ya tashi, sai ya tahi wurin mai tebur ya sayi kafso ja da rawaya, ya farke ya zuba cikin ruwa, ya ƙara da barkono don wani ya ce masa yana da kyau. Ruwan ya yi ɗaci da yaji, tsuntsayen sunka ƙi sha, ƙishirwa ta gama da waɗanda ciwon ya rage. Ku yi lissahi da kanku: ƙwayar da anka yi don mutum mai kilo 60, ita za a ba tattabarar da ba ta kai rabin kilo ba? Maganin mutane, na ciwon kai ko na zazzaɓi, ba a ba tsuntsu shi da ka. Kuma wanda anka ba magani ba a yanka shi a ci sai kwanakin da likita ya faɗa sun cika.

Inda hannunka zai tsaya

In tsuntsaye da yawa sun mutu farat ɗaya, kaji, ko zabi, ko agwagi, ko na daji, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, to wannan ya wuce jinyar gida. Ku tuna murar tsuntsaye da anka tabbatar a Magariya, cikin jihar Damagaram, a watan Fabrairu na 2006. Wannan cuta tana kama mutum, tana kuma kisa. Kada a yanka, kada a fige, kada a ci, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa. A gaya ma maigari da ma'aikacin kiwo nan take. Su ke aika samfuri zuwa LABOCEL a Yamai. Mushe kuwa a ɗauke shi da leda a hannu, a binne cikin rami mai zurfin mita 1, nesa da rijiya, inda kare ba zai tono ba.

Haka kuma ƙurar busasshen kashin aku da tattabara na iya sa ma mutum zazzaɓi da tari. Ku yayyafa ruwa kahin shara, ku rufe hanci. Wanda ya kamu da tari bayan jinyar tsuntsu, ya faɗa ma likitan mutane cewa ya taɓa tsuntsu.

Yau da salula ta shiga ko'ina, nesa ta ragu. Ku riƙe lambar likitan dabbobi ko mataimakin kiwo na yankinku tun kahin buƙata ta taso. In kun kira, ku faɗa masa tun yaushe ciwon ya fara, nawa sunka kamu, nawa sunka mutu, kamannin kashi, da ko an kawo sabon tsuntsu. In da hali, ku tura hoto.

Daga ƙarshe, rigakahi ya fi magani. Duk tsuntsun da ya fito kasuwa ya yi kwana 21 shi kaɗai kahin a gama shi da na gida. Ruwan sha sabo kullum. A wanke kwanoni da ruwan jabel, a fesa girezil cikin ɗaki bayan an fitar da tsuntsaye. A yi ma kaji da zabi rigakahin Niyukasal bayan girbi, kahin ɗari ya shigo, ku kuma tambayi likita abin da ya dace da tattabaru.

Wanda ya ji, ya gaya ma wanda bai zo ba, musamman yara, don su ne masu tattabara. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, ya ba mu lahiya da zama lahiya.