Tawadar Allah da Ƙwaƙwalwar Jariri



Kowa a nan ya san tawadar Allah, watau baƙin tabon nan da ake haifar yaro da shi. Kusan jariri ɗaya cikin 100 yana zuwa da ita, kuma galibi ba ta da wata illa. Wadda zan yi magana a kanta ita ce babba, mai rufe ƙeya ko gadon baya kamar an sa wa yaro baƙar riga, sau da yawa har da gashi, ga kuma ƙanana barbaje a sauran jiki. Irin wannan kimanin haihuwa ɗaya ce cikin 20,000.

To, me ya haɗa fata da ƙwaƙwalwa? Asalinsu. Tun ɗan tayi bai kai wata biyu ba, ƙwayoyin da ke ba fata launi suke tasowa daga gefen inda laka da ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Idan suka hayayyafa fiye da kima, wasu su taru a fata su zama tabo, wasu kuwa su zauna a ƙwaƙwalwa da tantanin da ya lulluɓe ta. Likita Rokitansky na birnin Biyana ne ya fara bayyana wannan ciwo a 1861. A 2013 masu bincike a Landan suka nuna cewa galibi sauyi ne a ƙwayar halitta mai suna NRAS, wanda ke aukuwa bayan ciki ya shiga. Ke nan ba gado ba ne, ba kuma abin da uwa ta ci ko ta gani ba ne, balle a ce sammu. Ku da dangi ke tambaya saboda kun yi karatu, ku sauke wa uwa wannan zargi.

Yawancin masu babban tabo ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take. Amma in ciwon zai bayyana, ya fi yin haka kafin shekara biyu: farfaɗiya, yawan amai, kumburin maɗiga, kai ya riƙa girma saboda ruwa ya rasa hanyar fita. Shi ya sa likitoci ke so a ɗauki hoton MRI kafin jariri ya cika wata shida, lokacin da tabon ciki ya fi fitowa sarai, musamman in ƙananan tabban suna da yawa.

Maganin warkarwa babu tukuna. Akwai dai na farfaɗiya, akwai kuma siririn bututu da ake sawa ya janye ruwan zuwa ciki. Yanke tabon fata kuwa, ko an yi, ba ya taɓa wanda ke cikin kai.